Lamɓon Hector Gilliland

Duk wanda bai ga Hector Gilliland a kan babur ba, ya daina cika mana baki cewa ya ga tsere. Samarin yanzu da ke gudu a kan titi mai santsi kamar faranti, da katifu jere a kowace kwana, da likita zaune yana jiran su yi atishawa, su je can su yi wasansu. Mu da muka hau babur bayan yaƙin duniya, hanyar da shanu suka bi da safe ita muke gudu a kai da rana, shinge a dama, katangar dutse a hagu. Man fetur kuwa na rabon gwamnati ne, wanda ko fitila sai ta yi shawara kafin ta kama da shi. Da yawa sun tafi. Mu da muka rage babu ƙashin da bai taɓa karyewa a jikinmu ba, kuma ga mu nan muna cin dankalinmu.

Hector maƙeri ne a ƙauyenmu na Tullymoy. Kafin yaƙi ba a yi mahayi kamarsa ba a duk yankin, har da ni mai ba ku labarin, kuma ni ba ƙaramin mahayi ba ne. Sai yaƙi ya zo ya cinye masa shekaru shida, mafiya daɗi a rayuwar mai tsere, yana kai wa hafsoshi saƙo a kan babur ɗin soja cikin taɓon ƙasashen mutane. Ya dawo da furfura a gefen kunne, da gwiwar da ke gaya masa za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Shi kansa ya san abin da ya rage masa a kan babur bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

A shekarar ne McCrum mai gareji ya yi odar sabon babur na tsere daga Ingila, irin wanda mu sai a hoto muke gani. Ya tsaya a mashaya gaban jama'a ya ce tsakanin Hector da Wesley Orr, duk wanda ya riga ɗan'uwansa gamawa a tseren watan Agusta shi zai hau shi, har babban tseren Tsibirin Man na baɗi. Wesley ɗin nan direban motar madara ne, kuma ƙanin Ina, matar Hector, uwa ɗaya uba ɗaya. Hector ne ya koya masa canza giya. Idan Wesley ya rasa, yana da shekaru goma a gaba da zai sake nema. Idan Hector ya rasa, sai dai ya koma yi wa dawakai takalmi har ya mutu.

Tserenmu na rata ne. Ana fara sakin mai rauni, a riƙe mai ƙarfi a baya gwargwadon ƙarfinsa, don a haɗu a ƙarshe. Mai raba ratar shi ne Malam Pollock, tsohon malamin makaranta, siririn mutum mai agogo a aljihu, wanda yake laɓewa bayan shinge ranar gwaji yana auna kowa. Saboda haka ranar gwaji kowa lamɓo yake yi. Ka ga ƙato da babur mai cin wuta yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Ba wanda yake yarda da wani. Idan mutum ya ce maka injinsa ya lalace, ka san ya gyaru. Idan ya ce ya gyaru, sai ka kwana kana tunanin me yake nufi.

To, Hector yana da abin ɓoyewa na gaske. Duk lokacin sanyi yana kulle a ɗakin ƙira da tsohon babur ɗinsa na soja. Ya samo fistin da wasu 'yan ƙarafa daga hannun wani mutum da ke aiki a masana'antar jiragen sama a Belfast, ya goge cikin injin har sai da ya ga fuskarsa a ciki. Wajen kuwa ko tsumma bai sa masa ba. Ya bar tsatsa, ya bar koren fentin soja yana ɓarewa, har ya ƙara ɗaure salansa da waya don ya ƙara muni. Ya rufe tagar da buhu. Da mai kawo gawayi ya leƙa, Hector ya raka shi har bakin hanya yana tambayarsa wa ya aiko shi.

Sau ɗaya tak ya gwada shi. Ya ɗora shi a amalanke ƙarƙashin ciyawa da sassafe, ya kai shi tsohon filin jiragen yaƙi da aka bar wa tumaki, ya buɗe masa wuta a miƙaƙƙen titin. Ya dawo gida hannunsa na rawa, ya kasa riƙe kofin shayi.

Ina ta ce, "Lafiya, Baban Nessa?"

Ya ce, "Ina, aljani na ƙera. Idan kika faɗa wa kowa, ko kazar gidan nan ce, ni da ke ne."

"Kazar ma tana da abin yi," in ji ta, ta tura masa gurasa da man shanu.

Ranar gwaji da yamma Hector ya sa tsohon fulogi mai baƙin baki. Babur ɗin ya kama tari yana tofar da hayaƙi. Ya zagaya hanyar a haka, ya hau tudu da ƙyar, ya gangaro doguwar gangarar da ke wuce ƙofar coci, ya wuce farin dutse, ya haye gada mai doro a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Cikinsa fal dariya. Ya hango hular Malam Pollock a bayan shinge, sai ya ƙara sakin totur. Da ya zo inda matan ƙauye ke zaune a kan katanga har hannu ya ɗaga musu. Wesley ya wuce shi yana ihu, "Tsoho, in turo maka jaki?" Hector ya ce a ransa, yi dariyarka, yaro.

Washegari aka taru a ƙofar ɗakin taro don jin rabon rata. Malam Pollock ya hau matakala yana kiran sunaye, daga masu fara tashi zuwa na ƙarshe. Hector yana jiran sunansa tun cikin na farko-farko. Aka wuce na farko. Aka wuce tsakiya. Aka kira Wesley Orr. Sai can kusa da ƙarshe, tare da manyan baƙi na Belfast masu sababbin babura, aka ce Hector Gilliland, kusan minti biyu bayan Wesley.

Wani ya yi fito.

Hector ya tare malamin a ƙasan matakala. "Malam, da girmanka. Ka ga babur ɗina jiya kuwa?"

"Na gan shi, Hector. Na ji shi ma. Tari yake yi har ya ba ni tausayi."

"To me ya kai ni cikin 'yan Belfast?"

Malam Pollock ya cire tabarau yana gogewa. "Tun kana yaro mai gajeren wando na san ka. Ko guduma ce ta kuɓuce maka sai ka zage ta har kakanninta. Jiya babur ya yi maka tari zagaye bayan zagaye, ba ka ko sunkuya ka dube shi ba, balle ka zage shi. Hannu kake ɗaga wa mata. Mutumin da injinsa ke mutuwa ba ya gaisawa da mata."

Mutane suka fashe da dariya. Hector bai yi ba. Ya dubi malamin ido cikin ido ya ce a ransa, wannan ƙirƙirarriyar amsa ce, an shirya ta tun a gida. Wani ya kai masa gulma, shi kuma yana rufa masa asiri. Ya waiga, sai ga Wesley can gefe yana kunna taba, yana kallon sama kamar bai san abin da ake ciki ba. Ba a kallon sama haka kawai.

A hanyar gida ya jera a ransa duk waɗanda za su iya tona shi. Mai gawayi bai ga komai ba. Makiyayin tumakin filin jirgi kurma ne. Mutumin Belfast bai san Pollock ba. Saura mutum ɗaya, wadda ranar Laraba ta ce za ta kai wa uwarta ƙwai, ta kuma daɗe.

Ya tarar da ita tana feraye dankali. Bai cire hula ba.

"Ƙwai nawa kika kai wa Mama har kika yini?"

Ina ba ta ɗago ba. "In tambaya ce da kai, yi ta kai tsaye. Ni ba Pollock ba ce da za ka yi mini tari."

"Kin faɗa."

"Na faɗa wa Wesley. Pollock kuwa ko gaishe shi ban yi ba tun bikin Ista."

Hector ya zauna a kujera kamar an hankaɗa shi. Ya yi zaton za ta musa, ya tanadi maganganu na musu, yanzu ba shi da inda zai kai su. "Wesley," ya ce. "Cikin duk mutanen duniya. Mijinki na neman abu ɗaya a rayuwarsa, kika ɗauka kika kai wa ɗan gidanku."

"Na ga hannunka ranar da ka dawo daga filin jirgi. Shekara nawa muna tare ban taɓa ganin babur ya sa ka rawa ba. Can titi ne miƙaƙƙe, ba gada, ba kwana. A hanyar nan ba ka taɓa gudu da shi ba, kana ta wasan tari. Wesley kullum yana bin ta da mota. Na ce ya gaya mini in akwai inda zai kashe ka."

"Shi kuma ya wuce wurin Pollock."

"Tambaye shi mana, ga shi nan."

Wesley ne a bakin ƙofa, ya cusa kai yana murmushi. "Yaya, akwai shayi? Barka da yamma, soja. Na ji an yi maka ƙarin girma, ka shiga sahun manya."

"Shigo, ɗan leƙen asiri. Nawa Pollock ya ba ka, ko don Allah ka yi?"

"Haba, Yaya Hector. Ni da nake so in cinye ka a fili, me zan yi da Pollock? Kai ka tona kanka. Lamɓon ma ai iyawa ne." Ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki gurasa ba a ba shi ba. Sai murmushin ya ɓace. "Ba wasa ya kawo ni ba. Gada ce. Bayan ambaliyar bara ma'aikatan hanya sun ƙara mata dutse da kwalta, doron ya ƙaru. Ido ba ya gani, amma tulunan madara suna gaya mini kullum. Bayanta kuma hanyar ta ɗan lotsa ta hagu. In abin da Yaya ta ce game da injinka gaskiya ne, kada ka jira farin dutse. Saki totur tun daga ƙofar coci."

"Ƙofar coci," in ji Hector a hankali. Tun zamanin iyayenmu a farin dutse ake sakin totur. Daga ƙofar coci zuwa farin dutse akwai tafiya, kuma nan ne wuri mafi gudu a duk hanyar. Wanda ya saki a coci kowane zagaye ya yi kyautar tseren.

"In ka kai farin dutse da wuta, ba a hanya za ka sauka ba. Sai dai a tsamo ka daga ramin jiƙa rama na bayan shinge, kuma ka san warinsa a watan nan."

"Na gode, ƙanina. Allah ya bar zumunci. Ko akwai inda kake so in tsaya in sha ruwa?"

Wesley ya miƙe ya share baki. "Na faɗa dai. Yaya, ke shaida ce." Ya fita.

Hector ya koma ɗakin ƙira ya zauna gaban babur, ya shiga juya maganar kamar ƙarfe a wuta. Da farko ya ce ƙarya ce, so yake in rage gudu. Sai wani tunani ya zo masa. Wesley ya san halina. Ya san duk abin da ya ce kishiyarsa zan yi. To idan gadar da gaske ta canza, wace hanya ta fi sauƙin kawar da ni? Ya gaya mini gaskiya a gaban yayarsa, ni in ƙi ji, in karya wuya, shi ya fita da hannu wankakke, har a ce ai ya yi gargaɗi. Hector ya buga cinya. Lallai yaron nan ya girma. Ya yanke shawara zai saki a ƙofar coci, ba don ya yarda da Wesley ba, sai don kada Wesley ya samu abin da yake so. Ratar kuwa zai ciro ta a kan tudu da sauran kwanoni.

Ranar Asabar, ranar tsere, garin ya yi zafi irin wanda ba mu saba da shi ba. An rufe hanya tun hantsi, manoma sun kulle shanu da karnuka, jama'a sun cika shinge har kan bishiyoyi. Warin jiƙaƙƙiyar rama ya gauraye da warin mai. McCrum ya zo da sabuwar kwat, ya tsaya kusa da mai tuta yana taɗi da kowa ban da mutum biyun da ya haɗa faɗa.

Aka fara saki. Kowa ya tura babur ɗinsa da gudu, in ya kama ya daka tsalle ya haye. Hector yana tsaye yana kallon su suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Wesley, ya waigo ya taɓa hular kwanonsa, ya nuna wajen coci da haɓa. Hector ya tofar da yawu. Jiran nan ya fi masa shekarun yaƙi tsawo. Ya sa sabon fulogi tun da safe, ya kwance wayar salansa, ya ƙi barin kowa ya matso kusa da tankinsa, har yaron da ke zuba mai sai da ya sa shi ya ɗanɗana a yatsa.

Tuta ta sauka. Taku kaɗan injin ya kama, da wata ƙara da ba a taɓa ji a Tullymoy ba. Tsofaffi suka cire lofe daga baki. 'Yan Belfast da aka sake su tare da shi, kafin kan tudu sun koma kallon bayansa.

Ku da ba ku gani ba, ba zan iya sa ku gani ba. Mutum ne kwance a kan tanki, haɓarsa a kan ƙarfe, kafaɗarsa na share ganyen shinge a kowace kwana. Yana cim ma masu rauni yana wuce su kamar an dasa su. Da ya gangaro wajen coci a zagayen farko, iska na neman cire masa kai, ya saki totur daidai ƙofar, yana zagin Wesley da kakanninsa, waɗanda kuma kakannin matarsa ne. Duk da haka da ya hau doron gadar ƙafafun babur biyu suka bar ƙasa, ya sauka da ɗan girgiza. Ya ce a ransa, to, gadar ta ɗan canza. Ko kuma dai haka take tun da, gudun ne sabo. Bai tsayar da magana ɗaya ba.

Haka ya yi ta yi. Kowane zagaye in ya saki a coci sai ya ji kamar ana zare masa wani abu daga aljihu. Ina tana tsaye a kan amalanke kusa da wurin tashi, in ya wuce sai ta buɗe hannuwa ta nuna masa tazarar da ke tsakaninsa da ƙaninta. Hannuwan suna ta matsowa kusa. Ko su ma bai gama yarda da su ba. Wa ya sani ko tana rage tazarar ne don ya kwantar da hankali?

A zagayen ƙarshe, yana kaiwa kan tudu, ya hango Wesley. Jar hular kwano, can ƙasa a gangara, shi kaɗai. Daga gada zuwa layin gamawa kwana biyu ce kawai da ɗan miƙe. Hector ya manne da tanki. Tazarar tana narkewa. Sai ya ce, yau zan ga gaskiyarka da idona. In gadar mugunta gare ta, kai ma za ka saki a coci.

Wesley ya iso ƙofar coci. Bai ɗago ba. Bai saki ba. Ya wuce ta da wuta a buɗe, kai a ƙasa, ya nufi farin dutse kamar yadda kowa ke yi tun zamanin iyayenmu.

Ashe! in ji Hector a ransa. Ashe duk yinin nan wasa ake yi da shi. Yaron ya san zai yi zargi, ya san zai zargi zargin, ya jera masa tarkon hawa biyu, shi kuma ya shiga da ƙafarsa yana ganin wayo ya yi. Ƙofar coci ta zo ta wuce, hannunsa bai motsa ba. Bai tsaya ya tuna cewa babur ɗin Wesley ko an jefo shi daga sama ba zai yi gudun nasa ba. A farin dutse ya saki, daidai inda Wesley ya saki, amma shi da gudun da ba wanda ya taɓa kawowa wurin.

Waɗanda ke zaune a katangar gadar sun rantse cewa ta saman kafaɗar Wesley ya wuce. Na yarda da su. Ya tashi, ya ci gaba da tashi, hanya ta karkata hagu ta bar shi a sama. Ya ce daga baya ya ga rufin coci ta gefen ido, ya ga wata mata ta saki kwandonta. Ya huda shinge, shi da babur suka faɗa ramin rama, baƙin ruwa ya tashi har rassan bishiya.

Ramin ba zurfi ne da shi sosai ba, amma cike yake da damman rama da aka danne da duwatsu, ga laka, ga rigar fata ta sha ruwa, ga cinya a karye. Kansa ya nutse. Mutanen gada suna can ɗaya gefen rafi, kafin su zagayo sai dai gawa.

Wesley ya taka birki har tayarsa ta yi baƙin layi a kwalta. Ya jingine babur a shinge, ya bi ta ɓarakar da Hector ya yi, ya faɗa ruwan har ƙirji. Ya laluba ya kamo ƙeyar rigar, ya jawo shi bakin rami, ya kifa shi yana dukan bayansa har ya amayar da ruwan. Babura suna ta wucewa a hanya, ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda su biyun suka sha wahalar wucewa.

Abin da Hector ya fara cewa da ya buɗe ido shi ne, "Ba ka saki a coci ba."

"Rufe mini baki, tsoho," in ji Wesley, yana haki. Da ya ga mutane sun iso da ƙyauren ƙofa za su ɗauke shi, ya koma ya tura babur ɗinsa, ya ƙarasa tseren yana ɗigar da baƙin ruwa, na biyun ƙarshe. Jama'a suka yi ta tafi suna toshe hanci. Amma ya gama, Hector bai gama ba, kuma McCrum ba mutum ne mai canza magana ba.

A asibitin gari aka rataye ƙafar Hector da igiya da ƙarfe. Kwana biyu ma'aikatan jinya na wanke shi warin rama bai fita ba. Ranar da aka bar baƙi su shiga, Ina ta zo da Wesley. Wesley ya tsaya a ƙarshen gado yana juya hula a hannu.

"McCrum ya ba ka?" in ji Hector.

"Ya ba ni."

"To madalla. Ka gaya mini coci, kai ka saki a dutse."

"Naka na ce, ba nawa ba. Nawa ko na kai dutse da wuta, da ƙyar yake ɗaga ƙafar gaba. Ai na ce in abin da Yaya ta faɗa game da injinka gaskiya ne. Ba ka ji wannan ba?"

Hector ya kalli rufi. Ya ji, ya tuna sarai. Ya juya maganar ya duba ƙasanta, ya duba bayanta, bai samu inda ta fashe ba, kuma wannan ya fi cinyar yi masa ciwo.

"Ka tsaya ka ciro ni," ya ce can.

"Da in bar ka? Yaya ta kashe ni?"

"Ka tsaya, ka ciro ni, ka tabbatar ba zan tashi ba, sannan ka je ka gama a hankali. Ka samu babur, ka samu suna. Ko ni na tsara ba zan tsara ya fi haka ba."

Ina ta ajiye kwanon da ta kawo da ƙarfi. "Hector Gilliland, mutum ya shiga ruɓaɓɓen ruwa har wuya saboda kai!"

"Na ce bai shiga ba? Na gode masa. Wesley, na gode." Ya miƙa hannu, Wesley ya kama. Hector ya riƙe hannun ya ɗan daɗe, yana duban fuskarsa. "Babur ɗina fa?"

"Yana cikin rami. Mai gonar ya ce sai an kwashe rama ranar Litinin mai zuwa. Zan je da mota in jawo maka shi, in wanke, in kai maka gida."

"A'a, kada ka wahalar da kanka."

Da Wesley ya fita, Hector ya jira har ƙarar takalminsa ta ɓace a baranda. Sannan ya yafito matarsa, ya rage murya.

"Ranar Litinin ki riga shi zuwa. Ki tsaya a bakin ramin har a fito da shi, ki rufe shi da buhu. Kada ki bari ya kwance ko ƙusa ɗaya a injin nan."

Ina ta dube shi, ta dubi ƙafar da ke rataye, wadda likita ya riga ya gaya mata ba za ta ƙara lanƙwasuwa a kan babur ba. Ta buɗe kwanon ta sa masa cokali a hannu.

"Ci abincinka," ta ce. "Zan je."